Gurbin Masilayo Kusa da Ɗanta

Masilayo maƙwabciyata ce, shingen shukar isale ne kaɗai ya raba gidana da nata. Apoloniya aka raɗa mata a coci, amma a nan Rombo, a kan dutse, wa ke kiran matar aure da sunan baftisma? Da sunan dangin ubanta ake kiranta: ita Masilayo, 'yar gidan Silayo, ni Mashayo. Shekara ɗaya aka kawo mu unguwar nan muna amare, ita gidan Kavishe, ni gidan Mrosso, kuma shekara arba'in da wani abu ban taɓa ganin ta miƙe ƙafa da rana tsaka ba.

Ƙaramar mace ce, mai ƙaramar murya. Ni ce mai baki, kowa ya sani, ba na musu. Ita kuwa da sassafe ta gangara ta yanko wa saniya ciyawa, ta hauro da damin da ya fi ta tsawo, ta kwashe kashin saniya ta kai gindin ayaba, ta tsinki kofi ta ɓare ta shanya. Kihambar Kavishe, wato gonar gadon da ke kewaye da gidan, ba ta cika eka guda ba, amma in ka shiga sai duhun ayaba ya rufe ka. Duk aikin hannunta ne.

Mijinta Melkiori shi ne autan gidan, don haka gidan tsoho nasa ne bisa al'ada. Auren bai yi shekara biyu ba ya tafi Mwanza ya buɗe shagon nama. Daga nan sai Kirsimeti zuwa Kirsimeti, kamar yawancin mazanmu: ya zo da sukari da zane, ya sha mbege, giyarmu ta ayaba, da 'yan'uwa, ya bar mata ciki, ya koma. Ta haifi Kalisti, sannan 'yan mata biyu, Yufirasiya da Pirisila. Ita ta yi jinyar uban mijin har ya mutu, ita ta yi ta uwar, tana juya ta tana wanke ta. Kowa ya san Melkiori yana da wata a Mwanza, har da 'ya'ya maza uku. Ita ma ta sani. In na tsokane ta da maganar, sai ta ce, "Mashayo, saniyata na jin yunwa," ta wuce.

Kalisti yana da shekara tara zazzaɓi ya kayar da shi, kafin a sauko da shi asibiti rai ya yi halinsa. Uban bai iso ba sai da aka binne. A bayan ɗaki aka sa yaron, cikin ayaba, ƙasa kaɗan da kakanninsa. Kusa da shi akwai fili daidai kwanciyar mutum ɗaya. Masilayo da ba ta barin ko taku ɗaya na ƙasa ba shuka, wannan wurin ba ta taɓa sa masa ko gwaza ba. Sharewa kawai take yi.

"Nan ne nawa," haka ta ce min wata rana, tana jingine da tsintsiya.

Abin da ta nema ke nan a duk wahalar nan, ba ƙari. Mu a kihamba ake binne mu, mace a ta mijinta. Wanda aka kai maƙabartar gari, cikin baƙi, an yar da shi ne, ko da an yi masa kabarin tayil.

Kirsimetin da abin ya fara, Melkiori ya sauko daga mota ban gane shi ba. Mutumin da tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki ya zama kamar an rataye riga a ƙusa. Ciwon suga ne, ƙafarsa ɗaya a kumbure, an naɗe ta da bandeji. A coci ya zauna can baya inda ya saba, don shekara talatin rabonsa da karɓar Jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki, saboda matar Mwanza. Amma a ranar na lura da yadda yake bin masu zuwa karɓa da ido.

Washegarin Kirsimeti da hantsi na leƙa gidansu aron rariya. Ina tsaye muna hira sai ga Melkiori yana ɗingishi, wansa Protasi, babban gidan Kavishe, yana biye da shi, da bokitin mbege. A hannun Melkiori akwai ganyen isale guda ɗaya, an ƙulle tsakiyarsa.

Kun san abin da wannan ganye yake. Wanda ya zo maka da shi a ƙulle ya zo da roƙo ne, ko da ɗanka ya kashe. Ba a mayar da shi. In kuwa ka karɓa ka saɓa, ba a kanka abin zai sauka ba, a kan 'ya'yanka ne.

Melkiori ya durƙusa da ƙyar a kan ƙafarsa mai lafiya, ya miƙa mata. Wallahi ni kaina sai da idona ya ciko. Na ce ikon Allah, ashe ɗan duniyar nan zai nemi gafarar baiwar Allah kafin ya mutu. Ita ma haka ta ɗauka. Ta goge hannu a zane, ta sa hannu biyu ta karɓa, ba ta tsaya ta ji roƙon ba. Wa zai tsaya tambaya, mijinki na durƙushe a gabanki da ganye?

"Tashi, Baban Kalisti," ta ce. "Ya wuce."

Bai tashi ba. Ya ce, "Maman Kalisti, ba wannan ba ne. Mutuwa zan yi, likita bai ɓoye min ba. Ina tsoron in je gaban Allah a haka. Wani Fada a Mwanza ya ce akwai kotun coci da ke duba aure. In ta gano an ɗaura shi ba da son ran mutum ba, sai ta ce tun asali ba a yi auren ba. In an yi haka zan ɗaura da waccan, in karɓi jibi. Ke kaɗai kika rage da kika san maganar tukunya. Ita nake roƙo ki je ki faɗa."

Wace tukunya? Ni da nake taƙamar ba abin da Masilayo ke ɓoye min, ranar na fara ji. Ashe Melkiori yana saurayi ya ƙi auren. Uban ya ɗauko tukunyar la'ana, irin ta mutanen da, ya ɗaga ta sama ya ce ko ya auri 'yar Silayo ta zauna ta kula da su, ko ya fasa ta da sunansa. Protasi yana Mombasa lokacin. Uwar mijin ce ta gaya wa Masilayo a kan gadon jinya, ita kuma ta haɗiye abinta shekara da shekaru.

Na yar da rariyar. "Kai Melkiori, ba ka da kunya? Wadda ta kwashe kashin uwarka da hannunta ita ce ba matarka ba? Tir!"

"Mashayo, ba da ke ake ba," in ji Protasi. "Ki ɗauki rariyarki." Ya juya wajenta yana tausasa murya. "Takardar coci ce kawai, ƙanwata. Gida gidanki ne, wa zai taɓa ki?"

Masilayo tana kallon ganyen a tafin hannunta. Can ta ce, "Gurbina fa, Yaya?"

"Haba! Wa ke zancen kabari ana cikin Kirsimeti?"

"Yana nan," in ji Melkiori. Amma ƙasa yake kallo da ya faɗa.

Kafin Sabuwar Shekara maganar ta zaga dutsen nan kaf. Ranar Lahadi bayan coci, a rumfar mbege, ba a yi wani zance ba sai shi. Katekis Fulgensi, malamin cocinmu, wanda ba ya iya shan ƙoƙo ɗaya bai yi wa'azi ba, ya ɗaga yatsa ya ce mu gane, wannan ba saki ba ne, coci ba ta saki. Cewa kawai za a yi auren bai taɓa kasancewa ba.

"To ciki ukun fa?" in ji tsohuwa Mawoisso, wadda ba haƙori ko ɗaya a bakinta. "Iska ce ta yi mata su? Kai Fulgensi, sha giyarka."

Aka tuntsire da dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Wani ya ce mutum na bakin kabari, laifi ne don ya gyara tsakaninsa da Ubangijinsa? Wani ya ce in gyara yake so ya bar ta Mwanza ya dawo gida, ai ita ce hanyar da aka sani. Wani dattijo da bai cika magana ba ya ce, "Ku dai ku yi addu'a kada ta ci. A cikinmu nan wa ya zaɓi matarsa da kansa? In aka buɗe wannan ƙofa, rabin dutsen nan ba aure." Mu matan muka kalli juna, kowace tana lissafin nata gurbin a zuci.

Yufirasiya ta bugo waya daga Darussalam tana ihu, har ni ina ji ta shinge. "Mama, ki jefa ganyen nan a murhu! Wane zamani muke ciki?"

"Na riga na karɓa," in ji uwar. "Ke kina da 'ya'ya, Pirisila na da ciki. A kanku zai sauka."

Ni kuwa shawarata daban ce. Na ce, "Ki je. Ganye ya ce ki je, ki je ɗin. In sun tambaye ki tukunya, ki ce wace tukunya, ta miya ko ta ruwa?"

Ta dube ni. "Da Littafi Mai Tsarki fa ake rantsar da mutum, Mashayo. In ɗora hannu in yi ƙarya?"

"Shi da ya yi miki dabara da ganye fa?"

"Wannan tsakaninsa da Allah."

Kai, wani lokaci kirkin matar nan haushi yake ba ni, kamar in kama ta in jijjiga.

Mun je wajen Fada Liberati, limamin cocinmu, yaro ne mai hankali, ba shi da laifi a cikin wannan magana. Ya zaunar da ita ya yi mata bayani dalla-dalla. Ya ce ba dole ba ne ta je. Ya ce ko an warware auren 'ya'yanta halattattu ne, kuma coci ba ruwanta da gona ko kabari, wannan hukunci bai taɓa ƙasa ba ko kaɗan. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Fada, ranar da na mutu kai za ka riƙe fartanya?"

Wajen Ista babban ɗan matar Mwanza ya zo, wai gaisuwa. Dogo, da takalmi mai tsini, ya kawo mata shinkafa yana ce mata Mama. Da yamma na hango shi yana bin shinge kusurwa-kusurwa yana ɗaukar hoto da waya. Ya zo bayan ɗaki ya tsaya a kan filin nan da ta share, yana amsa waya yana dariya, yana murza dugadugansa a ƙasa. Masilayo tana bakin ɗakin saniya tana kallonsa. Bayan ya tafi ta ɗauko tsintsiya ta share sawun, ta sake sharewa, ta sake, har na ce mata ƙasar za ta ƙare.

Ni na raka ta Moshi ranar da kotun cocin ta kira ta. Ta ɗaura zanenta na zuwa coci, ta sa ganyen, wanda ya bushe ya yi ruwan ƙasa, a cikin jaka. A benci na jira ta a waje. Da ta fito fuskarta ba hawaye, ba komai.

"Na faɗa," ta ce.

"Duka?"

"Sun tambaye ni ko na san bai so ni ba tun farko. Na ce na sani."

A mota na saya mata gasasshiyar masara, ta riƙe ta a cinya har muka iso gida ba ta kai baki ba.

An fi shekara kafin hukunci ya fito. A tsakani aka yanke wa Melkiori ƙafar. Ranar da labari ya zo cewa an warware, Masilayo tana tsinkar kofi, ta ce "to," ta ci gaba. Muka ga hoto a waya: Melkiori a keken guragu da farar riga, an ɗaura aurensa a cocin Mwanza, bakinsa a buɗe yana karɓar jibi, yana kuka. Ba zan ɓoye ba, na tausaya masa, kuma na tsane shi, duka a lokaci ɗaya. Bai ga ƙarshen damina ba.

Aka kawo gawa da jerin motoci. Da safe kafin a fara haƙa, dattawan Kavishe suka taru a bayan ɗaki, mu mata muna gefe muna ɓare ayabar girki. Protasi ya ɗaga sandarsa ya ja layi a ƙasa. A kan gurbin ya ja shi, daidai gefen Kalisti.

"Uba kusa da ɗansa," ya ce. Ya matsa gaba ya nuna wani wurin da sanda. "Nan kuma a bar wa matarsa, in lokacinta ya yi."

Matar Mwanza tana zaune cikin baƙaƙen kaya, ba ta ɗago kai ba. Ban ji ta nemi komai ba, gaskiya ɗaya ce.

Masilayo ta ajiye wuƙa ta miƙe. "Yaya Protasi, ni fa?"

"Ba yanzu ba, Masilayo."

"Yanzu ake jan layi. Ni fa?"

Ya yi gyaran murya, ya kalli sauran dattawan, suka kau da kai. "Ba mu muka faɗa ba. Bakinki ne ya faɗa a gaban manyan coci cewa ba a yi aure ba. Zama dai ki zauna iya ranki, ba mai korar ki. Amma kwanciya a cikin Kavishe sai ɗan Kavishe da matar Kavishe. In muka sa wadda ba matar gida ba, me za mu ce wa kakannin da ke ƙasa? Naki wurin yana gidan Silayo."

Na ce, "Munafuki! Ba kai ka ce takarda ce kawai ba? A gabana ka faɗa!" Sai da 'ya'yana suka janye ni. Fada Liberati ya zo ya yi ta magana, ya ce sun juya hukuncin coci, ba haka yake nufi ba. Suka ce masa ya yi addu'arsa, ƙasa tasu ce.

Gidan Silayo kuwa amsarsu na nan a shirye. Ɗan wanta da ke riƙe da gidan ya ce an sha giyar aurenta, an ci awakin tun kafin a haife shi, ita ta Kavishe ce, su ba su san wata kotu ba. Kihambarsu ma an yanka ta gida biyar, ko akuya ba ta da wurin ɗauri. Na roƙi nawa 'ya'yan su ba ta taku uku a tamu. Suka ce, "Mama, kin fi mu sanin ba a yi."

Aka binne Melkiori a gurbin. Ita ta dafa abincin makoki, ita ta wanke tukwane.

Bayan baƙi sun watse, wata rana da hantsi, rana ta fito sarai, na ji sarar fartanya a bayan ɗakinta. Ba sarar noma ba ce, wuri ɗaya ake ta sara. Na kutsa ta shinge. Ta cire gicciyen Kalisti ta jingine shi da ayaba, ta riga ta haƙa har gwiwa.

"Yesu da Maryamu! Masilayo, kin haukace?"

"Je ki ɗauko min farin zanen da ke kan gado, da akwatin ƙarfen."

Na je na ɗauko. Ban san me ya sa ba, ƙafafuna ne suka je.

Kakanninmu suna tono ƙasusuwan matattunsu bayan shekaru su sake musu wuri, amma tun zuwan coci aka daina, ni ban taɓa gani da idona ba. Ita ta san yadda ake yi. Da ta kai inda katakon ya ruɓe sai ta ajiye fartanya ta koma tono da hannu, a hankali, kamar mai tonon dankali tana tsoron yanka shi. Mutane suka fara taruwa a bakin shinge. Ba wanda ya tsallako. Protasi ya iso yana haki, yana karkaɗa sanda.

"Ke! Jinin Kavishe ne wannan! Za ki jawo mana bala'i! A kira 'yan sanda!"

Ta ɗago daga cikin ramin, jar ƙasa har gwiwar hannu. Muryarta ba ta tashi ba.

"A kira su, Yaya. Fada ya ce ɗana ɗan halak ne kuma ƙasa ba ta cikin hukunci. Kun ɗauki rabin da ya yi muku, kun bar rabi. Ni ma na ɗauki nawa. In ba a yi aure ba, ɗan nan nawa ne ni kaɗai. Ni na haife shi, ni na wanke shi, ni na rufe masa ido. Uban da ke kwance a gefen nan ko jana'izarsa bai zo ba."

"Za ki bar mana kabari a buɗe?"

"Kuna da yawa. Ba zai daɗe a buɗe ba."

Sandar ta sauka. Protasi ya ja da baya, ya ja da baya, har ya fita daga cikin ayabar. Masu kallo wasu suka yi alamar gicciye, wasu suka ja 'ya'yansu suka bar wurin.

Tana miƙo min ina karɓa a zane. Ƙasusuwan sun yi ja kamar ƙasar, ƙanana, wasu ba su fi yatsana ba. Ƙoƙon kan ta ƙi ba ni. Ta hauro da shi a ƙirji, ta zauna a bakin ramin ta goge shi da gefen zanenta, tana ce masa, "Sannu, Babana. Sannu. Tashi za mu yi." Nan ne na fashe da kuka, ni mai bakin, ita kuwa ko ɗigo.

Ta naɗe zanen ta ƙulle, ta sa a akwati ta rufe. Ta shiga ta kwance saniya ta miƙo min igiyar. Ko ɗakin ba ta waiwaya ba. Pirisila na haya a ɗaki ɗaya a Himo, can ƙasan dutse, na san can za ta fara sauka. Amma Himo ba kihamba, sai maƙabartar gari.

"Masilayo, ina za ki kai shi?"

"Ban sani ba, Mashayo. Amma duk inda suka jefa ni, ba ni kaɗai zan kwanta ba. Taya ni."

Na kama gefe ɗaya, ta kama ɗaya, muka ɗora mata akwatin a ka. Na tattara ƙarfina don ɗagawa, ashe ba a bukata. Wayyo Allah, babu nauyi ko kaɗan.